Wa Zai Tuna da Inna?

Mai karatu, ka taɓa zama wurin makokin wata tsohuwa a garinku? Ba shakka ka taɓa. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, maza suna waje, mata suna ciki. Masu gaisuwa suna ta zuwa daga ƙauyuka na kewaye, wasu a ƙafa, wasu a amalanke. Wannan ya ce, "Allah sarki, mace ce mai haƙuri." Wancan ya ce, "Ba a taɓa jin kanta da kowa ba." Bayan 'yan kwanaki a naɗe tabarmi, kowa ya koma gonarsa. Aikin shekara arba'in ko hamsin, an gama da shi cikin magana biyu.

Wannan ɗan littafi yana so ya yi maka tambaya guda. Matar da ta ƙare ranta wajen riƙe miji da 'ya'ya da gida, ta yaya ya kamata a tuna da ita? Yabon da muke yi a bakin kabari ya isa?

Aikin da ake cinyewa

In ka shiga Birnin Damagaram za a nuna maka fadar sarki da abin da ya rage na tsohuwar ganuwa. Za a gaya maka sunan Sarki Tanimun, wanda ya yi sarauta har zuwa 1884, ya kewaye Birni da ganuwa, ya sa aka ƙera manyan bindigogi. Sunansa bai ɓace ba, gama ya bar abin da ido ke gani. Amma magina ba su aiki da yunwa. Wa ya daka hatsin da suka ci? Wa ya dama musu fura? Mata ne, bayi da 'ya'ya, ba kuwa maroƙin da ke kiran sunayensu.

Haka aikin uwarka yake. Ruwan da ta ɗebo da asuba, kafin azahar an shanye. Tsakar gidan da ta share, kafin la'asar awaki da yara sun ɓata. Tuwon da ta fara tun daga sussuka da surfe da daka da tankaɗe, an cinye shi cikin ɗan lokaci, an miƙa mata kwano ta wanke. Gobe kuma ta sāke daga farko. Ka yi lissafi: shekara guda kwana 365 ce. Matar da ta yi shekara 40 a ɗakin miji ta hura wuta kwana 14,600, ban da ranakun ciwo da na jego. Ka nemi alamar wannan aiki a gari, ba za ka ga komai ba sai toka a murhu.

Saboda haka wasu sukan ce, "Ai ba ta aikin komai, tana gida ne kawai." Ka dubi hannunka, ɗan'uwa. Wannan ƙashi da wannan tsoka, daga ina suka fito? Tuwon nan bai ɓata ba. Ya zama jikinka, ya zama ƙarfin da kake riƙe hauya da shi. Ganuwar sarki yawancinta ta rushe, amma abin da uwarka ta gina yana tafiya da ƙafafunsa, yana haihuwar 'ya'ya. Kai ne ginin da ta bari.

Dubararta

Mukan yabi iyayenmu mata da haƙuri, mu manta da hankalinsu. Ka tuna ɗakin innarka. Ita da maƙwabtanta suka yi daɓen ƙasan. Ita ta yi jeren kwanoni, ta rataye faya-fayan da ta saƙa da kaba mai launi. Ta san tulun Mirya mai sanyaya ruwa tun daga ƙarar da yake yi in an ƙwanƙwasa. Daga gyaɗar gamanarta ta fid da mai da ƙuliƙuli, daga 'ya'yan yakuwa ta yi daddawa, ta shanya kuɓewa da kuka tun kaka domin miyar rani. Ribar ta zama kaza, kaza ta zama akuya. Ranar da ka kwanta ciwo, ko ranar da aka nemi kuɗin makaranta, wace akuya aka kai kasuwa?

Tsofaffin garinku suna tunawa da farin 1973 da 1974, da na 1984, da kuma yunwar 2005. Sa'ad da rumbu ya ƙare, maza da yawa suka tafi cin rani Kano da wasu biranen kudu. Wa ya zauna da yara? Mata ne suka shiga daji suka tsinko anza, suka jiƙa ta kwana da kwanaki suna sāke mata ruwa har ɗacinta ya fita. Su suka san wane ganye ake ci, wane ne ke kisa. Su suka raba mudu guda ya kai kwana uku, sau da yawa kuma suka ce sun ƙoshi alhali ko loma ba su sa a baka ba. In an haife ka a waɗannan shekaru kana kuwa da rai yau, ka tambayi kanka wa ya kwana da yunwa dominka.

A 1991 ƙungiyar CARE ta soma taimakon matan karkara a jihar Maraɗi su kafa asusun ajiya da rance, aka kira shi Mata Masu Dubara. Daga can ya bazu cikin Nijar har ya kai ƙasashe masu yawa. Sunan ya dace ƙwarai. Amma dubarar ba baƙuwa ba ce, gama kakanninmu mata suna yin adashi tun kafin a haifi masu asusun.

Abin da Littafi Mai Tsarki ya nuna

A cikin Ayyukan Manzanni sura 9 akwai labarin wata mace mai bi a garin Yafa, sunanta Tabita, ana kuma ce da ita Dokas. Da ta rasu aka aika a kira Bitrus daga Lidda. Da ya iso, gwauraye mata suka kewaye shi suna kuka, suna nuna masa tufafin da ta ɗinka tun tana tare da su. Ka lura da yadda suka tuna da ita. Sun kawo aikin hannunta ɗaya ɗaya, kowace da abin da aka yi mata. Luka kuwa bai ga ɗinkin riga ya yi ƙanƙanta da shiga Littafin Allah ba.

Littafin Karin Magana ya ƙare a sura 31 da bayanin mace mai kirki. Tana tashi tun da sauran duhu, tana kaɗi, tana sayen gona, tana ciniki, tana taimakon matalauta. Mazaje da yawa suna son a karanta wa matansu wannan sura. Amma su karanta har ƙarshe. A can an nuna 'ya'yanta suna sa mata albarka, mijinta yana yabonta, an kuma umarta a ba ta rabonta daga abin da hannunta ya samo. Duk wannan tana da rai aka yi shi, tana ji da kunnenta.

Yabon da ba ya cin kuɗi

Ga inda maganar take da nauyi. Yabon mamaci ba shi da wuya, gama mamaci ba ya roƙon komai. Akwai wanda zai yanka sa a makokin uwarsa, amma da tana da rai bai saya mata bargo ba a lokacin ɗari. Akwai wanda zai yi kuka yana faɗin irin wahalar da innarsa ta sha, sa'an nan ya shiga gida ya iske matarsa da tsohon ciki tana faskare, ya wuce ya nemi inuwa. Mukan ce mai haƙuri yakan dafa dutse. Gaskiya ne. Amma wanda ya miƙa wa matarsa dutse ya ce ta dafa, shi ma zai amsa tambaya.

Watakila ka ce, "Mu ba mu saba faɗin irin wannan magana ba, akwai kunya." Kunya abu ne mai kyau, ita ce ma ta hana innarka kiran sunan ɗanta na fari. Amma kana ce wa baƙo a gona, "Sannu da aiki." Wace kunya ce ta hana ka faɗa wa wadda ta goye ka?

Watakila ka ce, "Ni uwata ba ta bin hanyar da nake bi, har ta yi fushi da ni sa'ad da na zama mai bi." A ƙasar Damagaram gidaje da yawa haka suke. Ka sani hakkinta a kanka bai ragu ba ko da ƙwayar gero. Dokar girmama uwa da uba ba ta zo da sharaɗi ba. A Markus sura 7 Yesu ya tsawata wa waɗanda suke fakewa da addini domin su hana iyayensu taimako. Shi kansa kuma, yana bisa gicciye, bai manta da uwarsa ba, ya danƙa ta a hannun almajirin da zai riƙe ta.

Watakila kuma ka ce, "Tawa uwar tana da faɗa, ta yi mini abin da ban manta ba." Ba a ce ka yi ƙarya a kanta ba. Ita ma 'yar Adam ce, mai bukatar gafara kamar kai. Tuna abin da ya kamata a gode mata, ka yafe sauran.

Yadda za ka tuna da ita

Na ɗaya, in tana da rai, ka je yau. Ka gaishe ta, ka ambaci abu guda da ta yi maka, ka gode mata. Ka duba rufin ɗakinta kafin damina.

Na biyu, in ta rasu, ka ba 'ya'yanka labarinta filla filla. Kada ka tsaya ga "mace ce mai kirki." Gaya musu garinsu, da sana'arta, da yadda ta fid da ku daga shekarar yunwa. Wanda ya iya rubutu ya rubuta, a ajiye.

Na uku, ka rage wa matarka kayan da ya tanƙwara bayan uwarka. In kana da amalanke, ɗebo ruwa da shi. Ka bar gawo da kalgo su tsiro a gonarka kamar yadda manoman Mirya da Magarya da Matamaye suka yi tun daga shekarun 1980, domin itacen wuta ya zo kusa da gida. Kada ka taɓa akuyarta ko hatsin gamanarta sai da yardarta.

Na huɗu, ka bar 'yarka ta yi karatu. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932, amma iyayenmu mata da yawa sun tafi kabari ba su karanta ko aya guda da idonsu ba, domin turmi bai ba su lokaci ba. 'Ya'yanka maza kuma su koyi ɗaukar tulu.

Na biyar, ka dubi gwauraye na garinku, da matar da ba ta haihu ba amma ta reni 'ya'yan wasu. Kada a kore su daga ɗaki ko gona ranar da maigida ya rasu.

Ke kuma, Inna

In ana karanta miki wannan kina tsinkar ganyen miya, ga taki maganar. Watakila ba wanda ya taɓa ce miki an gode. A Markus sura 14 wata mace ta zuba wa Yesu mai mai tsada, mutane suka yi ta gunaguni a kanta. Yesu ya kāre ta, ya kuma yi alkawari za a riƙa ba da labarinta ko'ina a duniya. Markus bai ko rubuta sunanta ba, amma Ubangiji ya san ta. Ya san yawan sawun da kika yi zuwa rijiya. Ki sani kuma ba da yawan aikinki kike sayen ƙaunarsa ba, kyauta ce. Ranar da hannunki ya kāsa ɗaga taɓarya, darajarki a wurinsa tana nan yadda take.

Tambayoyi domin iyali

Ku tattauna waɗannan da dare bayan cin tuwo. Wane aiki aka yi a gidan nan yau wanda ba wanda ya gode? Me kakarmu ta iya da ya kamata mu koya tun ba ta tafi da shi ba? Wane kaya guda za mu sauke wa Inna daga gobe?

Addu'a

Ya Ubangiji, mun gode maka domin iyayenmu mata, masu rai da waɗanda suka riga mu. Ka gafarta mana inda muka ci muka tashi ba godiya. Ka buɗe bakinmu da hannunmu tun suna tare da mu. Cikin sunan Yesu, amin.