Akushin Kaka da Kujerun Sinawa

A hutun ƙarshen shekara da ya wuce na yi dillanci karo na farko a rayuwata, kuma abin da aka sayar ba nawa ba ne. Akushin kakata ne, da wata kujera ƴar tsugunno da aka sassaƙa daga itace guda.

Kaka tana zaune a wani ƙauye tsakanin Malbaza da Dogarawa. Ran nan da hantsi wani mutum ya shigo bisa babur, da buhu ɗaure a baya, yana cigiyar tsoffin kaya: akusa, ludayi, faifai, kujeru. Yara suka kawo shi wurina, wai ni ne ɗan lakwal. Na shiga ɗakin Kaka na fito masa da akushin nan baƙi wuluk, mai zane a baki, wanda ya taɓa tsagewa aka ɗinke shi da ƙarfe. Uwarta ce ta ba ta shi cikin kayan ɗaki.

Mutumin ya kife akushin a tafinsa, ya shafa gindin da babban yatsa. Na ga idonsa ya yi haske, nan take kuma ya ɗaure fuska ya ce, "Wanga ai ya tsage, sai dai don Allah." Ya taya jikka biyar, har da kujerar. Na ja shi zuwa takwas, Kaka ta sallama. Da na raka shi bayan rumbu ya danƙa mini jikka biyu la'ada, ya ce in an samu wasu in ajiye masa.

Kaka kuwa sai murna. Ta aika Ƙonni aka sayo mata kwanukan samira masu jan fure, ƙirar Sin, ta jera su tana ce mini, "Mijina, yau mun ci ribar Bakano."

Sin ɗin nan ce ta hana ni barci daga baya. Mushenmu na tarihi ya taɓa ambatar daular Ming, wadda ta mulki ƙasar daga 1368 zuwa 1644, sai wata rana ina duba waya na ci karo da kujeru da tebura na wancan zamani. Da wani itace ake yin mafi tsadarsu, huanghuali, mai fitowa daga tsibirin Hainan. Masassaƙan ba su dogara da ƙusa ba. Sai a fere bakin wannan katako, a huda wancan, su shige juna su kulle, har ana iya warware kujera a sake haɗa ta bayan shekara ɗari huɗu. A 2015, a wani gwanjo na Christie's a birnin New York, an sayar da kujeru huɗu irin waɗannan sama da dala miliyan 9. Dalar Amurka fa, ba tamu ta sayen alawa ba.

Daga ina kujerun suka fito? Da yawansu daga gidajen mutane irin Kaka. Bayan 1966, lokacin juyin al'adu na Mao, an tsani tsoffin kaya, an ƙone wasu, an ƙwace wasu. Da ƙura ta lafa, a shekarun 1980, dillalai suka bazu cikin ƙauyuka suna saye da araha, suna turawa Hong Kong. Manomi ya karɓi kuɗi ya sayi sabon kabad mai madubi yana murna. Da na karanta haka sai na ga mai babur ɗina, na ga kaina a bayan rumbu.

Na kai maganar ga wani abokina da muke rubutu tare a ƙungiyar nan. Ya yi dariya ya ce ciniki ciniki ne: an taya, ta sallama, wa aka yi wa dole? Ya ƙara da wadda ta fi cizo. In ba don mai saye ba, gara ce za ta ci akushin. Wallahi a nan bai yi ƙarya ba. Maƙwabciyar Kaka tana da irinsa, yanzu kaji ke shan ruwa ciki. A Sin ma masu saye ne suka ceci da yawa. Akwai wani masani, Wang Shixiang, da ya yi shekaru yana yawo bisa keke a Beijing yana tsintar tsoffin kujerun da ake shirin farfasawa. An ƙwace masa su lokacin juyin al'adu, aka maido daga baya, yau kusan tamanin daga cikinsu suna gidan tarihi na Shanghai, kowa na iya zuwa ya gani.

To amma Wang bai ɓoye abin da ya sani ba. A 1985 ya fitar da littafi yana nuna wa kowa yadda ake gane kujerar Ming da abin da ya sa take da daraja, ko da yake hakan zai tsadar da duk abin da bai riga ya saya ba. Mai babur ɗina shi ma masani ne, ido gare shi, ba na raina masa wannan. Sai dai saninsa ya zama makami: ya ga daraja, bakinsa ya ce tsaga.

Abokina ya ce to kenan kowane ɗan kasuwa sai ya faɗi ribarsa? Mai sayen albasa a Galmi ya kai Abidjan ko Accra, shi ma ɓarawo ne? A'a. Manomin Galmi ya san akwai Abidjan, ya san farashi na hawa in kaya sun yi ƙaranci, yana iya zuba albasarsa a rudu ya jira. Kowa da idonsa ake wannan wasa. Kaka kuwa ba ta ma san akwai kasuwar da ake sayen akushi don kallo ba. Tun muna makarantar allo muka ji cewa an hana tarar ayari a hanya a saye kayansa kafin ya isa kasuwa, kuma in mai kaya ya iso ya ga farashi, yana da zaɓi ya fasa. Dalilin a fili yake, mutum bai sallama da gaske ba in bai san abin da yake sallamawa ba. Haka aka yi da madobiya. Da masu kuɗin Sin suka so sabbin kujeru irin na da, itacen can ya yi ƙaranci, sai aka juyo Afirka ta Yamma, aka yi ta sara a Taraba da Kogi da wasu ƙasashe, har a 2016 yarjejeniyar CITES ta sa wa cinikinta takunkumi. Mai gona ya karɓi ɗan abin da aka ba shi.

Inda hujjata ke rawa kuma, sai in faɗa. Anya Kaka ba ta san darajar akushinta ba? Ta san tuwo ba ya saurin hucewa a cikinsa. Ta san maƙerin da ya ɗinke shi. Ta san a ciki ta dama wa ƴaƴanta ɗan abin da aka samu a yunwar 1984, wadda tsofaffi ke kira El-Buhari don a shekarar aka rufe iyakar Najeriya. Duk ta sani, kuma ta sayar, don ya yi mata nauyi, ta gaji da shi. Ni ne ban san komai ba. Shekara goma sha tara ina cin tuwo a akushin nan, ban taɓa duban zanensa ba sai da baƙo ya kife shi a tafinsa. Ƙaunar da nake yi masa yanzu ma aro ce daga idon mutumin da nake zargi. Abu ɗaya na gani da idona, hasken nan na fuskarsa, kuma shi na sayar jikka biyu. Da na ce, "Kaka, dakata, mutumin nan na son abin nan fiye da yadda yake faɗa," da ta yi abin da ta ga dama tana sane.

Kafin a koma lakwal na je na faɗa mata komai, har da kujerun Sinawa, na ajiye kuɗin bisa tabarma. Ta dube ni ta ce, "Ashe mijin nawa ɓarawo ne." Ta ƙulle jikka guda a bakin zane, ta tura mini ɗayar wai in sayi biki da takarda. Da na miƙe sai ta tambaye ni ko mutumin yana da mata a gida, don akushin nan in ba a shafa masa man shanu da hunturu ba, ɗinkin zai sake buɗewa.