Hannun Wa Ke Kan Riga?

Da Christian Dior ya mutu a 1957, gidan ɗinkinsa na Paris ya faɗa hannun Yves Saint Laurent, saurayi ɗan shekara 21. Kayan farko da ya fitar sun sha yabo. A 1960 ya zo da baƙar riga ta fata irin ta samarin titi, masu gida suka ga ba ta dace da matan attajiran da ke saye ba. Da aka ɗauke shi aikin soja a shekarar, sai suka naɗa Marc Bohan a gurbinsa. Basirar da ta sa aka ɗauko Saint Laurent ita ta ja masa.

To, in mutum yana ɗinki a ƙarƙashin sunan wani, nawa ne rabonsa a cikin rigar?

Mutanen Kamarawa da sauran garuruwan Isa da Sabon Birni ba baƙin wannan tambaya ba ne, domin a ƙasarsu ta Gobir an taɓa kai ruwa rana a kan tufa. Cikin buƙatu biyar da Shehu Usmanu ya nema wajen Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo a Magami har da girmama mai rawani. Daga baya Sarki Nafata ya hana maza rawani, ya hana mata lulluɓi. Tun wancan zamani, abin da mutum zai sa da yadda za a ɗinka shi ba ra'ayin maɗinki kaɗai ba ne.

A dubi babbar riga mai aska takwas. Asake uku a wani rukuni, biyar a wani, suna gangarowa ta hagun ƙirji wajen aljihu, ga tambari yana kewayawa ta dama har ya haura baya. Masaƙi ya saƙa, marini ya rina, malami ya zana fasalin da alƙalami da tawada, mai allura ya yi watanni yana cikewa da zaren tsamiya, mabugi ya fito da sheƙi. Hannu biyar, amma babu sunan ko ɗaya a jikinta. David Heathcote, wanda ya yi nazarin wannan sana'a a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a shekarun 1970, ya nuna yawancin masu zanen malaman allo ne, waɗanda hannunsu ya goge da rubutun Alƙur'ani da zayyana.

Irin wannan malami ba ya mayar da aska takwas ta koma bakwai don son ransa. 'Yancinsa na cikin tsawon kowace aska, da tazarar da ya bari, da yadda tambari zai zauna a kafaɗar mai rigar. Fili ne mai ƙunci, amma ya ishe shi, har masana su ɗaga riga su ce, "Wanga hannun wane na." Haka Karl Lagerfeld ya yi shekara 36 a gidan ɗinkin Chanel, daga 1983 zuwa 2019, yana jujjuya kayan da ya tarar: yadin ulu, sarƙar lu'ulu'u, baƙi da fari.

Addini ya ba wannan ƙuntatawa ma'ana. A wajen malamai, halitta ta Allah ce, ɗan Adam harhaɗa abin da aka ba shi kawai yake yi. Hanin zana surar mai rai ya tura basira wajen layi da da'ira da dagi. Hadisi ya kwaɗaitar da kyautata aiki, riya kuwa tana ɓata shi, kuma Abdullahi ɗan Fodiyo ya soki waɗanda son manyan riguna da dawakai ya shagaltar bayan jihadi. Sai dai ɓoye suna yana da nasa zalunci: wanda idonsa ya ƙare a kan allura yakan tashi da ɗan abin cefane, riba ta tafi wajen dillali, alhali addinin nan ya ce a biya ma'aikaci tun guminsa bai bushe ba.

Turai ta bi ɗaya hanyar, ta mayar da suna haja. Abin da ake sayarwa kuwa yana iya barin hannun mai shi. Jil Sander ta sayar wa kamfanin Prada kashi 75 na kamfaninta a 1999, ta fice a 2000, sunanta ya zauna a kan kayan da ba ita ta zana ba. Martin Margiela ya ƙi yarda a ɗauki hotonsa, amma shi ma bai tsira daga wannan tarko ba.

Yau hanyoyin biyu sun haɗu a shagon tela. Injin kwamfuta na fitar da aikin wata uku a yini ɗaya, matasa na liƙa sunansu da lambar waya a wuyan kaftani, suna tallata shi a Facebook. Rashin tsaro a hanyar Isa zuwa Sabon Birni ya kori masu sana'a da dama zuwa Sakkwato da yankin Maraɗi. Waɗanda suka rage, in Salla ta matso, ga mai shadda ya miƙo waya da hoton wani gwamna: "Irin wanga nika so." Tela ya dubi hoton, ya dubi kafaɗar mutumin, ya ce, "Alhaji, wuyan ga ya yi maka faɗi, bari in rage shi." Wani ya yarda, wani ya naɗe shaddarsa ya nufi shago na gaba.