Ko Kowace Aya Ta Hau Kan Kowa?

Karatu: Ayyukan Manzanni 15:1-35, Romawa 14.

Tun da aka kafa hukumar kula da ziyarar Kirista ta Najeriya a shekara ta 2007, wadda mazauninta yake nan Abuja, 'yan'uwa da yawa sun taka ƙasar Isra'ila da ƙafarsu. Waɗansu sun komo da mayafin addu'a da ƙahon rago, suna ɗokin al'adun Yahudawa. A Jikwoyi da Kubwa kuma akwai majami'u inda waɗansu 'yan ƙasarmu suke bin addinin Yahudanci, suna kiyaye Asabar. Saboda haka wata tsohuwar tambaya ta sāke tashi a cikin taron zumuntarmu. Wani ya ce, tun da Littafi ɗaya ne, wajibi ne mu kiyaye Asabar da idodi da dokokin abinci. Wani ya ce a'a, Tsohon Alkawari na Yahudawa ne, ba ruwanmu da shi. Har akwai mai cewa wasiƙar Yakubu da ta Ibraniyawa ba namu ba ne, gama ga Yahudawa aka aika da su.

Maganar ba ƙarama ba ce, 'yan'uwa. Na fari yana ɗora wa mutane kayan da Ubangiji bai ɗora musu ba. Na biyu yana zubar da littattafai 39 daga cikin 66. Bari mu bincika a hankali.

1. An rubuta duka dominmu, amma ba duka aka aiko mana ba

A ce wani maigida ya bar wasiyya a rubuce. A ciki ya umarci babban ɗansa ya biya wani bashi kafin kaka, ya kuma gargaɗi dukan 'ya'yansa su riƙe gaskiya da zumunci. Bayan shekaru, jikoki suka karanta. Ba za su tafi neman mai bashin ba, gama an riga an biya. Amma ba za su yar da takardar ba, domin a cikinta suke ganin halin kakansu, har umarnin biyan bashin ma yana koya musu cewa gidansu ba ya cin haƙƙin mutum.

Haka Nassi yake. Bulus ya faɗa wa Timoti cewa kowane Nassi hurarre ne, mai amfani kuma (2 Timoti 3:16), a lokacin kuwa Tsohon Alkawari ne Nassin da yake hannunsu. Duk da haka ba kowane umarni aka ba kowane mutum ba. An ce wa Nuhu ya sassaƙa jirgi, ba a ce mana ba. Ko a bakin Ubangiji Yesu ma, a Matiyu 10 ya hana almajirai shiga wurin Al'ummai a wannan tafiya, amma a Matiyu 28 ya aike su ga dukan al'ummai. Wanda bai tambayi wa aka faɗa wa, da yaushe, da kuma don me ba, zai sa Littafi ya yi ta saɓa wa kansa.

2. Yadda manzanni suka yanke maganar

Wajen shekara ta 49, waɗansu suka zo Antakiya daga Yahudiya suna koyar da cewa ba ceto sai da kaciya. Aka kai maganar Urushalima. Bitrus ya tuna musu yadda Allah ya ba gidan Karniliyus Ruhu Mai Tsarki tun ba su yi kaciya ba. Sa'an nan ya faɗi abin da ya kamata mu lura da shi ƙwarai: su Yahudawa ma ta wurin alherin Yesu suke samun ceto, daidai da Al'ummai. Watau ƙofa ɗaya ce, ba biyu ba.

Yakubu ya kawo shawara, aka rubuta wasiƙa. Ba a ɗora wa Al'ummai Attaurar Musa ba, wadda malaman Yahudawa suke lasafta dokokinta 613. Abu huɗu kaɗai aka ambata: abin da aka miƙa wa gumaka, da jini, da abin da aka maƙure, da fasikanci. Waɗannan suna raba mai bi da bautar gumaka, suna kuma sa Bayahude ya iya sa hannu a akushi ɗaya da ɗan'uwansa ba tare da zuciyarsa ta tashi ba.

Amma mu lura da abin da taron bai yi ba. Bai umarci Yahudawa masu bi su bar al'adun kakanninsu ba. A Ayyukan Manzanni 21 mun tarar da dubbansu a Urushalima suna himma ga Attaura, Bulus kansa kuma ya shiga Haikali ya yi tsarkakewa tare da su. Ya yi wa Timoti kaciya, gama uwarsa Bayahudiya ce, domin kada aikin bishara ya tsaya. Amma bai yarda a tilasta wa Titus Bahelene ba, gama a nan ana so a mai da kaciya sharaɗin ceto. Wannan ba baki biyu ba ne. Al'ada tana da wurinta, amma ba ta da ikon tsayawa a bakin ƙofar ceto tana karɓar kuɗin shiga.

3. Abin da ya hau kan kowa daidai

Na ɗaya, hanyar ceto. Bayahude ba shi da wata hanya dabam ta wurin zuriya, Ba'al'umme kuma ba ya bukatar ya zama Bayahude tukuna.

Na biyu, cikar hadaya. Ga Yahudawa ne aka fara faɗa, cikin wasiƙar Ibraniyawa, cewa hadayar Almasihu sau ɗaya ta isa. Tun da Romawa suka rushe Haikali a shekara ta 70, ba a ƙara miƙa hadayun Musa ba. Ba mai bi, ko daga wace kabila, da zai koma ga jinin dabba.

Na uku, halin tsarki. Ƙaunar Allah da ta maƙwabci, gaskiya, tsabtar aure, jinƙai ga matalauci, duk manzanni sun maimaita su ga ikilisiyoyin Al'ummai. Ubangiji ya ce a koya wa dukan al'ummai abin da ya umarta, don haka Bisharu namu ne. Wasiƙar Yakubu kuwa, ko da yake ga kabilu goma sha biyu na warwatse aka aika da ita, maganarta a kan harshe da tara da haƙƙin ma'aikaci ba ta tambayi kabilar kowa ba.

4. Yadda za mu ci moriyar dokar da ba a aiko mana ba

Bulus ya nuna mana hanya. Ya ɗauki dokar da ta hana sa wa sa takunkumi yana sussuka, ya koya wa Korintiyawa da ita cewa ma'aikacin bishara ya cancanci abincinsa (1 Korintiyawa 9). Bai aike su neman shanu ba, ya nuna musu nufin Mai ba da dokar.

Mu gwada a garinmu. Kubawar Shari'a 22:8 ta umarci mai sabon gida ya yi wa soronsa rawani, kada wani ya faɗo. Rufinmu na kwano ne, ba a kwana a kansa. Amma ɗan kwangilar da ya rage siminti da rodi a bene ya karya zuciyar wannan doka. Littafin Firistoci 19:13 ya hana ladan ɗan ƙwadago ya kwana a hannun mai aiki. Mai bin da ya riƙe albashin mai gadinsa ko 'yar aikinsa wata uku, yana kuwa gardama a kan Asabar, ya tace sauro ya haɗiye raƙumi.

Haka kuma alkawarai. Irmiya 29:11 magana ce ga kamammu a Babila, waɗanda aka ce musu sai sun cika shekara 70. Tana koya mana amincin Allah, amma ba takardar shaida ba ce cewa kwangila za ta fito bana.

5. Gargaɗi ga gefe biyu

Wajen shekara ta 144 ikilisiyar Roma ta fitar da Markiyon, wanda ya ƙi Tsohon Alkawari duka. Bulus ya riga ya ja kunnen Al'ummai a Romawa 11 da misalin zaitun. Manomanmu sun san auren mangwaro: reshen da aka ɗaura ba shi yake ɗauke da saiwa ba. Tushiya mafarin dawa. Duk inda Kirista suka manta da wannan, raini da zalunci ga Yahudawa suka biyo baya, abin kunya ne kuwa a tarihin ikilisiya.

Ɗaya gefen kuma, mayafi da ƙaho ba su ƙara wa addu'a nauyi. Wanda ya je Urushalima bai fi wanda bai taɓa wuce Nyanya ba kusa da Allah.

A sujadarmu ta Hausa a Abuja, Bagwari da Bahaushe da mutumin Filato da na kudancin Kaduna suna zaune a benci ɗaya. Wani ya tashi a gidan da ba a taɓa naman alade, har yau ransa ba ya karɓa. Wani kuwa tun yana yaro yake ci. Romawa 14 ta yi maganinmu: mai ci kada ya raina, marar ci kada ya hukunta, ranar biki kuma kada mai dafuwa ya sa abin tuntuɓe a tukunyar taro. Haka za mu karɓi Bayahude mai bin Yesu da yake kiyaye Asabar da Idin Ƙetarewa, shi ma ya karɓe mu yadda muke.

Tambayoyi domin taro

1. Me ya sa Bulus ya yi wa Timoti kaciya, amma ya ƙi a yi wa Titus?
2. Karanta Littafin Firistoci 19:9-10. Mazaunin birni marar gona, yaya zai bar kala domin matalauci?
3. Wace al'ada ce ta gidanku kuke auna bangaskiyar waɗansu da ita?

Mu yi addu'a Ubangiji ya ba mu tawali'u mu karɓi dukan Maganarsa, da hikima kada mu ɗora wa ɗan'uwa abin da Almasihu ya riga ya sauke.