NAWA ZA YA ZACI NA SAYA?

Wani saurayi daga cikin 'ya'yan ekklesiyarmu, wanda ya ke karatu a birnin Gilasgo ta ƙasar Sikotlan, ya rubuto mini wasiƙa kwanan baya. Shekara biyu ke nan yana zaune a gidan wani tsohon Bature da matarsa. Sun rage masa kuɗin haya, sun koya masa yadda a ke zama da sanyin ƙasar, daren da zazzaɓi ya kwantar da shi kuwa tsohon nan ne ya tashi ya kai shi asibiti. Yanzu tsohon za ya cika shekara 70, yaron kuwa yana so ya yi masa kyauta. Abokan karatunsa sun ce masa a ƙasar nan ba abin da a ke ba dattijo ya ji an girmama shi kamar kwalbar wuski, irin wadda su ke kira singul molt. Abin da ke hannunsa fam 40 ne.

Ga abin da ya rubuta: "Baba, tambayata biyu ce. Wace kwalba zan saya wadda in ya gan ta za ya zaci ta fi ƙarfin kuɗin da na biya? Ta biyu kuma, ni da ba na sha, zunubi ne in ba shi?"

Na sani yawancin masu karatu za su yi tsalle su kama tambaya ta biyu. Ni kuwa ta farin ce ta hana ni barci. Amma bari mu fara sanin abin da a ke magana a kansa, gama da yawa daga cikinmu ba su taɓa ganinsa ba, ba kuwa daidai ba ne mutum ya yanke shari'a a kan abin da bai sani ba.

Wanda ya tashi a ƙauyen da a ke dafa burukutu ya san farkon aikin. A kan jiƙa hatsi har ya tsira, a shanya, a niƙa, a dama da ruwan zafi, a sa masa yisti a bar shi ya tashi. Su mutanen Sikotlan da sha'ir su ke yi, ba da dawa ba. Daga nan hanya ta rabu. Su kan zuba ruwan cikin babbar tukunya ta jan ƙarfe mai dogon wuya, su ba ta zafi, tururi ya hau wuyan ya bi ta bututu mai sanyi ya koma ruwa. Yawanci sau biyu a ke yin haka. Abin da ya fito fari ne tas kamar ruwan rijiya, mai ƙarfi ƙwarai. Sai a ɗura shi cikin gangunan katako, galibi waɗanda a ka taɓa ajiye wuskin Amurka ko ruwan inabin Sifen a ciki, a kulle a ɗaki a bar shi shekaru. Daga katakon ne ya ke samun launinsa da yawancin ɗanɗanonsa.

Dokar da a ka kafa a 2009 ta tsare sunan. Ba a kiran wuski singul molt na Sikotlan sai an yi shi a gida ɗaya, da tsirarren sha'ir kaɗai ba gaurayen wani hatsi, cikin irin tukunyar nan, ya kuma kwana aƙalla shekara 3 cikin ganga a ƙasar, ƙarfinsa bai kasa kashi 40 cikin 100 ba. Lambar shekarun da ke jikin kwalba kuwa ta mafi ƙuruciya ce cikin abin da a ka zuba. Idan an rubuta 12, ba ɗigon da ya kasa shekara 12. Wannan doka ta yi mini kyau, ina ma a ce masu sayar da zuma a kasuwanninmu suna ƙarƙashin irinta.

To, me ya sa wata kwalba ta fi wata tsada? Wani dalili na gaskiya ne. Kowace shekara wajen kashi 2 cikin 100 na abin da ke ganga ya kan bi iska ya tafi, su kan ce rabon mala'iku ne. Wanda ya jira shekara 18 ya yi hasarar ruwa, ya biya kuɗin ɗaki, dole ya ɗora a kan mai saye. Wani dalilin kuwa na ido ne kawai. Akwatin katako, da rubutun zinariya, da kwalba mai nauyi, duk mai saye ne ke biya, ba kuwa mai shan akwati. Har launi ma yana ruɗin mutum, gama doka ta yarda a ƙara ɗan ƙonannen sukari domin ya yi duhu, saboda haka duhu ba shaidar tsufa ba ne. Can ƙarshen wannan hanya akwai kwalbar Macallan ta 1926 wadda a ka yi gwanjonta a Landan a 2023 a kan fiye da fam miliyan 2. Wanda ya saye ta ba ƙishi ya ke ji ba.

Saboda haka in tambayar ita ce yadda mai ƙaramin kuɗi za ya sami abu mai kyau, amsar ba ta da wuya. Ya nemi kwalba mai shekara 10 ko 12 ta sanannen gida, cikin kwalinta na kullum, ya bar mai akwati. Fam 40 ɗin yaron ya kai, ko ya kusa. Amma akwai wani tarko. Wuskin kwarin kogin Spey, irin su Glenfiddich da Glenlivet, mai laushi ne da ƙanshin 'ya'yan itace. Na tsibirin Islay kuwa, wanda su ke faɗi Aila, irin su Laphroaig da Ardbeg, a kan busar da sha'irinsa da hayaƙin wata baƙar ƙasa ta ruɓaɓɓiyar ciyawa da a ke haƙowa a fadama, sai ya fito da warin hayaƙi da na magani. Mai son wannan ya kan ce wancan ba shi da rai, mai son wancan kuwa ba ya iya haɗiye wannan. Kamar daddawa ne: wanda ya saba ba ya cin miya sai da ita, baƙo kuwa ya toshe hanci. Ashe ko a nan ma ba shi yiwuwa ka zaɓi kwalba sai ka san mutumin.

Yanzu mu koma ga maganar yaron. Bai ce yana neman abin da tsohon za ya ji daɗinsa ba. Ya ce yana neman abin da tsohon za ya zaci ya fi kuɗinsa tsada. Ya mai karatu, kada ka yi saurin ganin laifinsa. Wa ke cikinmu da bai taɓa naɗe turmin atamfa mai araha cikin takardar babban kanti ba?

Araha ba abin kunya ba ne. Ubangijinmu ya zauna yana duban masu zuba baiko a Haikali, ya yabi gwauruwar da ta sa 'yan anini biyu fiye da mawadata. Ciniki kuma ba laifi ba ne. Ɗalibin da ya zaga kanti uku domin ya rage fam biyar ya yi hankali. Amma a cikin Ayyukan Manzanni sura 5 akwai Hananiya da Safiratu. Gonarsu ce, kuɗinsu ne, Bitrus da kansa ya ce musu ba wanda ya tilasta su. Da sun kawo rabi sun ce rabi ne, da ba abin da ya same su. Abin da ya kashe su shi ne sun so a zaci sun bayar da fiye da abin da su ka bayar. Ban ce yaron nan Hananiya ne ba. Na ce dai irin da ya ke so ya shuka daga rumbu ɗaya ya fito.

Wani za ya ce, ai kowa ya kan ɓamɓare takardar farashi kafin ya miƙa kyauta, wannan ba ɓoyewa ba ne? Ɓoyewa ne, amma dubi inda ya nufa. Mai ɓamɓare farashi yana so abokinsa ya manta da kuɗi, ya dubi abin kaɗai. Mai neman kamannin tsada yana so abokinsa ya tuna da kuɗi, ya kuma yi kuskuren lissafi. Matanmu sun san wannan sarai a wajen biki. Abin da ƙawa ta kawo miki ran suna a kan riƙe shi a ka, domin ran nata a mayar da abin da ya fi. Idan ta kawo na sule goma ta sa kin zaci na fam ne, ta ɗora miki bashin da ba ki ci ba. Haka tsohon nan. In ya zaci ɗalibi matalauci ya kashe fam 80 saboda shi, ko dai ya ji nauyi ya rasa yadda za ya rama, ko kuwa ya gane, gama mutumin da ya shekara 70 a Sikotlan ya san farashin wuski kamar yadda Bakano ya san na goro. Sa'an nan me ya rage na kyautar?

Akwai kuma abin da ya fi wannan zurfi. Me ya sa yaron ya ke so a zaci ya kashe da yawa? Ina tsammani domin alherin da a ka yi masa ya yi masa nauyi, yana so ya biya ya huta. Amma wanda ya tashi da tsakar dare ya kai ka asibiti ba ya biyuwa da fam 40, ba ya kuwa biyuwa da 400. Yaron za ya zauna da bashin nan muddin ransa, ya kuwa kamata ya zauna da shi da murna. Girman kai ne ke sa mutum ya ƙi zama wanda a ka yi wa alheri.

Sai tambaya ta biyu. Ekklesiyoyinmu da yawa sun hana membobinsu sha, da dalili kuwa. Mun ga gonar da a ka sayar, mun ga matar da ta kwana a waje. Duk da haka ba zan ƙara wa Littafi Mai Tsarki abin da bai faɗa ba. Ya tsauta wa buguwa da ƙarfi a wurare da yawa. Amma a bikin Kana ruwan inabi Yesu ya bayar, Bulus kuma ya shawarci Timoti ya sha kaɗan saboda cikinsa. Inda maganar ta fi kama mu shi ne Romawa 14, inda manzo ya gargaɗe mu kada abincinmu ko abin shanmu ya zama sanadin tuntuɓe ga ɗan'uwa, kada kuma mutum ya yi abin da lamirinsa bai natsu da shi ba.

Abokan yaron sun ce al'adar ƙasar ce. Gaskiya ne, amma rabin gaskiya. Rubutu mafi daɗewa da ya ambaci wuski a Sikotlan na 1494 ne, sunan wani mai hidimar addini ne kuwa a ciki, John Cor. Amma a ƙasar nan ce John Dunlop ya kafa ƙungiyar yaƙi da shaye-shaye a 1829. A 1922 mutanen Dundee su ka kā da Winston Churchill a zaɓe, su ka zaɓi Edwin Scrymgeour, wanda ya tsaya a kan a hana giya ɗungum. Garin Wick, mai gidan wuski a cikinsa, ya rufe mashayansa daga 1922 har 1947. A 2018 gwamnatin Sikotlan ta yanka farashin da ba a sayar da giya ƙasa da shi, ta kuma ƙara shi a 2024, domin arahar giya tana kashe mutane. A 2023 kaɗai mutum 1,277 su ka mutu a ƙasar da cututtukan da sha ne sanadinsu kai tsaye. Ƙasar da ta yi wannan duka ba baki ɗaya ta ke magana ba. A titi guda akwai gidan da kwalba alamar girmamawa ce, akwai gidan da a ka binne uba saboda ita.

Ga abin da na rubuta masa. "Ɗana, da ni ne ba zan saya ba. Ba na ba mutum abin da ban ɗanɗana ba, ba na kuwa iya tsaya masa. Kai ma da ka natsu da ba ka tambaye ni ba. Amma ban ce maigidanka mai zunubi ne don yana kurɓa kaɗan ba, kada kuwa ka yi masa wa'azi ran haihuwarsa. In ka ga lamirinka ya sake ka, sayi ta shekara 10 ko 12 cikin kwalinta, in ya tambaye ka kuɗinta ka faɗa masa. Kafin wannan duka, je ka wurin uwargida ka tambaye ta abu biyu: yana sha? In yana sha, wane iri?"

Amsarsa ta zo bayan mako uku. Ya sami tsohuwar a madafa ya tambaye ta. Ta yi dariya, ta buɗe wani kabad ta nuna masa kwalabe uku, ko ɗaya ba a buɗe ba, ɗaya ma har da akwatin katako. Tun bara likita ya sa mijinta a kan wani magani wanda ba ya haɗuwa da giya, tsohon kuwa bai so a sani ba, sai ya karɓa ya yi godiya ya ajiye. Ta ce abin da ke damunsa yanzu shi ne lambunsa na bayan gida, gama gwiwa ta hana shi haƙa, ga lokacin shuka dankali ya matso.

Yaron ya ce ya sayi shebur da irin dankali a kan fam 31, ya kuma yi wa tsohon alkawarin Asabar huɗu. Ya ƙara da cewa ƙasar lambun ta fi ta gonar kakansa tauri, hannunsa duk ya yi bororo.