Ruwan Bara Ne Ya Dawo Bana



Duk wanda ya tashi a ƙasar Ringim ko Taura, ko Miga da Jahun har zuwa Auyo da Haɗeja, ya san abin da watan Agusta da Satumba suke zuwa da shi. Kogi ya cika ya haura gaɓa, ya cinye gonakin shinkafa, sannan ya shigo gari. Gidan ƙasa ya jiƙe ya zauna, a kwashi mata da yara a kai su makarantar firamare. An yi haka a 2012, an yi a 2018, an yi a 2020. A 2022 kuwa sama da mutum ɗari muka rasa a Jigawa kaɗai. Allah Ya jiƙansu da rahama.

Dalilin kuma a fili yake. Kogin Haɗeja daga kogin Kano da na Challawa yake samun ruwansa. Ciyawar kachalla da yashi sun toshe masa hanya a wurare da dama, don haka idan damina ta yi ƙarfi, ruwan ba shi da inda za shi sai gonakin mutane. Lokacin bai canza ba, hanyar ba ta canza ba, garuruwan ma kusan su ne dai. Amma duk shekarar da ya zo sai ka ji muna cewa ya zo mana ba zato ba tsammani.

To, abin da ya shigo maka sau huɗu ta ƙofa ɗaya, har yanzu tsautsayi ne sunansa?

Kada a fahimce ni a baibai. Talakan da gonarsa ɗaya tak a fadama, wadda ya gada, ba shi da inda zai koma, kuma yashe kogi nauyin hukuma ne, za a tambaye su a kai. Na kawo ambaliya ne saboda a nan kowa yana ganin maimaicin da idonsa. Wadda take cin gidajenmu daga ciki ita ce ba ma gani.

Dubi kaka. Manomi ya kai geronsa da riɗinsa Shuwarin ko Gujungu daidai lokacin da kowa ya kawo nasa, farashi yana ƙasa. A yi biki, a sauya babur. Kafin damina ta yi nisa rumbu ya kwakwashe, sai ya dawo yana auno geron nan a kwano da tsada, ko ya ci bashin da zai biya da buhu idan kaka ta yi. Ka ga amfanin gonar baɗi an sayar da shi tun bai yi kai ba. Akwai wanda lalura ce ta tilasta masa, rashin lafiya ko makamancinta, wannan ba da shi nake ba. Amma akwai wanda shekara goma ke nan yana zagaye a wuri ɗaya, kuma duk shekara abin da yake faɗa shi ne, "Bana dai ba a yi sa'a ba."

Wani zai ce, "Malam, ai komai ƙaddara ne." Haka ne, babu musu. Sai dai ka tuna lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham, ya samu labarin annoba ta ɓarke a can, ya yi shawara ya juya da mutane. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi. Sai Umar ya ba shi misalin mai raƙuma da ya sauka a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa, ɗaya a bushe: duk gefen da ya kai su da ƙaddarar Allah ya kai su, amma ai ba mai hankalin da zai zaɓi busasshen. Shi ya sa malamai suka bambance tsakanin musibar da ta faɗo maka, wadda ƙaddara take sanyaya maka zuciya a kanta, da aibin da kake yi da hannunka kana fakewa da ita.

Abin da ya sa ba ma ganewa, matsalar takan sauya riga duk zuwa. Bara wani abokin kasuwanci ya cinye maka kuɗi, bana wani daban ne, ɗan'uwan matarka ma. Sunaye biyu, labari biyu, sai ka ce mutane ne suka lalace. Ka zauna ka duba da kyau. A duka biyun ka ba da kuɗi babu rubutu, babu shaida, saboda kunya ta hana ka ka ce a rubuta. Alhali ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka.

Bari in ba ku nawa, don kada a ce Malam yana kan tudu yana magana. Na daɗe ina ɗauka ni mutum ne mai haƙuri, iyalina ne suke tsokano ni. Wata rana mai ɗakina ta ce min, "Malam, kai fa faɗanka yana da lokaci." Wallahi na ji haushi. Amma daga baya na sayi ƙaramin littafi, duk ranar da na ɗaga murya a gida in rubuta abu uku kawai: yaushe, daga ina na fito, me ya faru kafin nan. Ban rubuta wa ke da laifi ba, don na san ni zan wanke kaina.

Bayan wata uku na karanta shi gaba ɗaya. Kusan duk faɗan tsakanin Magariba da Lisha ne, kuma kusan duk a ranakun da wani ya zo min da wata buƙata ta kuɗi a waje, na kasa ce masa babu, na yi alƙawarin da na san ba ni da halinsa. In yi murmushi a ƙofar masallaci, in shigo gida in sauke a kan yaron da ya zubar da ruwan buta. Ashe mutanen gidan suna biyan bashin kunyata ne, ni kuma ina can ina yi musu wa'azin ladabi.

Littafin bai mayar da ni waliyyi ba, har yanzu ina zamewa. Abin da ya sauya shi ne yanzu na san bakin kogina. Idan aka zo da buƙatar da ta fi ƙarfina nakan ce, "Ɗan'uwa, yau ba ni da shi," ko da bakina yana nauyi. Ranar da na kasa faɗin haka kuwa, ba na shiga gida kai tsaye. Nakan zauna a masallaci har a yi Lisha, sannan in yi sallama.