Ƙwarya A Madadin Hular Kwano

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin titi a Gesse da sassafe, sa'ad da ma'aikata ke haramar zuwa sakatariyar Gwadangaji, ɗalibai kuma suna rige-rigen isa aji, ya san cewa a kan babur Birnin Kebbi take tafiya. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991 garin yake ta faɗaɗa, unguwanni suka yi nisa da kasuwa da asibiti da ofis, ɗan kabu-kabu kuwa shi ne ya ɗinke tsakaninsu. Shi ke kai mai naƙuda asibitin Sir Yahaya da tsakar dare, shi ke ɗauko buhun shinkafa daga fadama, shi ne kuma ke sauke da yawa daga cikinmu a ƙofar coci ranar Lahadi. Wasu daga cikin masu wannan sana'a 'ya'yanmu ne da muka yi wa baftisma. Haka kuma wasu daga cikin masu kaki da ke tsayar da su a kan hanya, a benci ɗaya suke zama da su lokacin Hadaya Mai Tsarki. Maganar da za mu yi ke nan ta cikin gida ce.

Mun daɗe muna lura da idon ɗan kabu-kabu, kuma lalle abin mamaki ne. Daga nesa, cikin ƙura da cunkoso, yakan hango kakin ɗan sanda mai ba da hannu, ko motar Hukumar Kiyaye Haɗurra da ta laɓe a gindin itace a kan hanyar Ambursa zuwa Argungu, tun fasinjansa bai ga kome ba. Ɗan'uwansa da ya fito daga can zai yi masa alama da hannu ko da fitila, nan take sai ya juya kan babur, ya faɗa hannun da ba nasa ba, ko ya kutsa wani lungu da gudu. Amma wannan mutum mai kaifin ido shi ne kuma wanda ba ya ganin yarinyar da ke ƙoƙarin ƙetare titi da tallan gyaɗa a ka, ba ya ganin tifar yashi da ke shirin kwana, ba ya waiwaye kafin ya fito daga layi ya hau babban titi. Ashe ba rashin hankali ke damunsa ba. Hankalin yana nan, sai dai an kashe shi duka wajen gadin ma'aikaci, ba a rage wa maƙwabci kome ba.

Waɗanda suka manyanta za su tuna abin da ya faru a farkon 2009. A ranar 1 ga Janairun wannan shekara aka soma tilasta wa mahaya babur da fasinjojinsu sa hular kwano a duk faɗin ƙasa. Ba a yi kwanaki ba sai aka ga mahaya a wasu garuruwa, har da Kano, sun kifa ƙwarya a ka, wasu tukunya, wasu robar fenti, sun ɗaure da igiya. An yi dariya ƙwarai, har labarin ya kai kafofin watsa labaru na ƙasashen waje. Mahayan suna da kukansu, domin hular ta yi tsada a lokacin, fasinjoji kuma suna ƙyamar sa wadda wani ya cire. Duk da haka mu tsaya mu dubi ƙwaryar nan da kyau, gama a cikinta akwai dukan tunaninmu game da doka. Wanda ya kifa ta ya sani sarai ba za ta tsare masa kai ba ran da ya haɗu da kwalta. Domin idon ma'aikaci ya sa ta. A wurinsa doka wata haraji ce da mai kaki ya ƙaga don ya matsa wa talaka, dabara kuwa ita ce a san yadda za a zille mata. Yau ba mu ganin ƙwarya a kan titi, amma muna ganin hular kwano rataye a hannun babur, ba ta hawa kai sai an hango shinge.

To, mece ce doka, kuma don wa aka yi ta? Waliyi Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ɗan ƙungiyar Dominikan ɗin nan da Fadanninta suka kafa aikin bishara a wannan Diyosis ta Sakkwato, ya koyar da cewa doka ta gari tsari ne na hankali domin amfanin jama'a duka, wanda mai alhakin kula da jama'a ya kafa ya kuma sanar. Idan doka ta cika wannan, tana ɗaure lamirin mutum ko da babu mai ganinsa. Dokar da ta ce a bi hannun dama, a tsaya a mahaɗa, a sa fitila da dare, kada a ɗauki mutum uku a babur ɗaya, tana cikin irin waɗannan, gama tushenta Doka ta Biyar ce, wadda ta hana kisankai. Katikizim na Ikilisiya Katolika, wanda aka fitar a 1992, a sakin layi na 2290 ya ɗora laifi mai nauyi a kan wanda, saboda maye ko son gudu, ya jefa ransa da na waɗansu cikin hatsari a kan hanya. A 2007 kuma Fadar Paparoma ta fitar da takarda sukutum kan kiwon rayukan masu amfani da hanya. Ikilisiya ba ta ɗauki wannan ƙaramar magana ba, kuma alƙaluma suna bayanta. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 1 da dubu 190 ke mutuwa a kan hanya kowace shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur, kuma babu abin da ke kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29 kamar haɗarin hanya.

Yanzu mu zo wurin da maganar ta fi wuya, wato shinge. An tsayar da saurayi, an zare makullin babur, sai a ji: “Yallaɓai, a yi haƙuri, a taimaka.” Hannu ya shiga aljihu, naira 200 ko 500 ta sauya wuri, kowa ya kama gabansa. Samarinmu sukan tambaye mu, “Fada, wannan zunubi ne?” Ba mu da amsa guda, domin abin iri biyu ne, ko da yake daga nesa kamarsu ɗaya.

Akwai mahayin da takardunsa cikakku ne, birkinsa lafiya, hularsa a ka, amma aka riƙe shi cikin rana ana nema masa laifi, shi kuwa ya san in aka kai babur ofis, yinin nan ya tafi, ga balas ɗin mai babur da zai kai da yamma, ga man fetur da ya ninka kuɗi tun da aka janye tallafi a 2023, ga iyali na jiran cefane. In wannan ya ba da kuɗi don ya karɓi abin da dama haƙƙinsa ne, malaman Ikilisiya na dā sun kira wannan fansar kai daga zalunci, kuma nauyin laifin yana wuyan mai karɓa. Ba za mu ɗora wa wanda aka ƙwata kayan ɓarawo ba. Sai dai ba mu ce abin ya yi kyau ba, gama kowace naira da aka miƙa tana ƙara wa shingen gindin zama.

Akwai kuma na biyu, shi ne ya fi yawa, ko da ba ma son mu yarda. Wannan ba shi da lasisi, fitilarsa ta mutu tun bara, ya ɗauko mace da goyo da yara biyu a kan tanki. An tsayar da shi bisa gaskiya. Kuɗin da ya miƙa, me ya saya da su? Izni ya saya na ci gaba da tafiya yadda yake. Ciniki ne tsakanin mutum biyu a kan ran mutum na uku da ba a yi shawara da shi ba, wato jaririn da ke bayan uwarsa, ko tsohon da zai fito masallaci da asuba ya haɗu da babur marar fitila. Mai bayarwa ya tafi yana murna ya yi arha, mai karɓa ya sa a aljihu yana cewa ai na goro ne. Wanda zai cika sauran kuɗin yana can bai sani ba. A nan kam amsarmu ita ce i, zunubi ne, kuma su biyun sun yi tarayya a cikinsa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Ga 'yan'uwanmu masu kaki, ba mu manta da wahalarku ba. Tsayuwa a tsakiyar titi cikin zafin watan Afrilu a Birnin Kebbi, ana shaƙar hayaƙi, ana shan zagi daga yaron da aka haifa jiya, ba ƙaramin aiki ba ne, kuma mun san akwai waɗanda ke yinsa da tsoron Allah. Aikin kansa mai daraja ne. Lokacin da aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra a 1988, aka ba Farfesa Wole Soyinka shugabancinta, manufar ita ce a rage gawawwakin da ake kwasa a kan hanyoyinmu. Mu tuna kuma cewa sa'ad da masu karɓar haraji da sojoji suka zo wurin Yohanna Mai Baftisma, kamar yadda Luka ya rubuta a sura ta 3, bai umarce su su tuɓe kaki ba. Ya hana su karɓar fiye da ƙa'ida, da ƙwace, da ƙagen laifi, ya ce albashinsu ya ishe su. Tarar da doka ta yanke ana rubuta ta a takarda, a biya ta a asusun gwamnati. Wadda ta shiga aljihu sunanta daban. Ɓarnar kuma ta wuce ta kuɗi, domin ma'aikacin da ya karɓa a hannun mai gaskiya da marar gaskiya bai bambanta ba, ya koya wa mahayi darasi cewa gyara birki da sabunta takardu asara ce, tun da ko ya gyara sai ya biya. Da hannunsa ke nan ya horar da idon nan da ke neman kaki ya bar yaro.

Mu fasinjoji fa? Mu ne muke cewa, “Malam, ɗan taka, na makara.” Mu ne muke ciniki a ɗauke mu mu uku don a rage kuɗi, wani lokaci ma a hanyarmu ta zuwa Hadaya. In mahayi ya bi hannun da ba nasa ba don ya kauce wa shinge, mukan yi shiru, har mu yaba masa wayo a zuci. Fada ma da ya makara zuwa ƙauye ba a raba shi da wannan hali. Ba ɗan kabu-kabu kaɗai ya kifa ƙwarya ba.

Tsoron mai kaki yana da wani mugun 'ya'ya da ba a cika faɗa ba. In haɗari ya auku, sau da yawa jama'a sukan kewaye wanda ke kwance suna salati da salallami, amma kowa na jin tsoron ɗaukarsa, kada a riƙe shi a ofis ana tambayoyi. Wanda ya buge shi kuwa tuni ya tsere. Firist da Balawe da ke cikin misalin Basamariye, a Luka sura ta 10, su ma ba su rasa dalilin ratsewa ba. Ya kamata kowa ya sani cewa Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar wanda ke bukatar taimakon gaggawa, kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra tana da lambar waya 122 da ake kira kyauta. Su kuma ma'aikata, in suka wahalar da wanda ya kawo majinyaci, su san cewa wanda za a bari a kwance gobe suna da hannu a jininsa.

Za a ce mana tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kuma in kwana ya ƙare ko hular ƙarfe ba ta hana. Gaskiya ne rai a hannun Allah yake. Amma mun ji wannan magana ta fito daga bakin wanda ya san tayarsa ta cinye tun watanni, kuma a irin wannan bakin ba bangaskiya ba ce, neman mafaka ne. Sa'ad da Shaiɗan ya kai Ubangijinmu kan ƙololuwar Haikali ya ce ya dira tun da mala'iku za su tare shi, Yesu ya ƙi, domin ba a gwada Allah. Saurayin da ya rataya rosari a hannun babur, ya liƙa hoton Waliyi Kiristofa a tanki, sa'an nan ya tsallake mahaɗa bai duba ba, ya karɓi tayin da Ubangiji ya ƙi.

Kusan kowane wata akan kawo mana sabon babur a harabar coci a sa masa albarka, wani lokaci leda ma ba a cire daga kujera ba. Muna yin wannan da farin ciki, gama mun san guminsa, mun san kuma bakuna nawa zai ciyar. Sai dai mun yi shawara da katikis da shugabannin matasa cewa daga yanzu, kafin a ɗauko ruwa mai tsarki, za mu roƙi mai babur ya nuna mana lasisinsa da hularsa, da ta fasinja in yana ɗaukar fasinja, ya kunna fitila mu gani, mu kuma matsa birki da hannunmu. Wanda bai cika ba ba za mu kore shi ba. Za mu yi masa addu'a shi kansa, babur ɗin kuma ya dawo da shi Lahadi mai zuwa bayan Hadaya ta biyu.