Idan Magana Ta Rage Ciwo, Ciwon Ƙarya Ne?

Idan mutum ya shekara yana kukan ciwon baya, hoton asibiti kuma bai nuna komai ba, mun san abin da muke faɗa a bayan idonsa: raki ne. Ranar da likita ya ce masa ya je ya ga masanin halayyar ɗan Adam kuwa, sai ya ji an ƙaryata shi, ko ma an ce ya taɓu.

To, in har zama da wani a yi magana zai iya rage raɗaɗi, shin raɗaɗin na gaske ne tun farko?

Na gaske ne. A 1965 Ronald Melzack da Patrick Wall suka bayyana cewa saƙon zafi ba ya zarcewa ƙwaƙwalwa kai tsaye. Akwai wata ƙofa a laka da ke buɗewa ko ta tsuke, kuma ƙwaƙwalwa na da hannu a kanta. Tsoro da damuwa suna ƙara wangale ta. Wanda ya daina sunkuyawa don fargabar bayansa, har jikinsa ya ƙage, zafin ya ƙaru, ba ƙirƙira yake yi ba.

Sai dai kada mu zuzuta. A 2020 masanan Cochrane suka tattara gwaje-gwaje 75. Abin da suka samu shi ne, maganin gyaran tunani da ɗabi'a, wato CBT, ya fi kulawar da aka saba, amma da ɗan kaɗan: zafi da damuwa sun ɗan ragu, ba warkewa aka yi ba. Ga wadda burinta ta iya yin sujada ba tare da ta cije leɓe ba, kaɗan ɗin nan ba abin rainawa ba ne. Mu da muka ga ɓarnar tiramadol da kodin a unguwanninmu mun san kuɗin da ake biya wajen neman sauƙi na gaggawa.

Abin da muke tsoro shi ne a mayar da wannan ilimi ya zama sabuwar "yi haƙuri". Masanin yakan zauna da majinyaci makonni, ya yarda da kukansa, ya koya masa auna aiki da hutu. Namu haƙurin sau da yawa hanyar rufe zance ce, don mun gaji da ji. Kuma akwai ciwon da ba ya jiran magana. Yaro mai sikila da aka kawo tsakar dare, ƙasusuwansa na sara, allura mai ƙarfi yake buƙata nan take, nasiha ta biyo baya.